Mene ne bautar da yara?

Batun ya yawaita a labarai. Ana nufin duk aikin da ya fi ƙarfin yaro, ko yake cutar da lafiyarsa, ko yake hana shi karatu. Aike da shara bayan an tashi makaranta ba sa ciki.

A ƙaramar hukumar Doma ta jihar Nasarawa, damina da kaka ne ke kwashe ɗalibai: 'ya'yan manoma, Alago da Tibi, su tafi gonar doya da yankan riɗi, na Fulani su bi shanu, 'yan mata su ɗauki talla.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta. Kyautar dai ta takarda ce, domin kayan makaranta da littattafai na wuyan iyaye. Rikicin manoma da makiyaya kuma ya sha tayar da ƙauyuka, karatu ya tsaya cak.