Irin da Ake Shukawa a Cikin Na'ura

Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki ka tsaya gaban mai POS, ka dubi 'yar na'urar da ke hannunsa. Ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma tun wahalar takardun naira ta farkon 2023 ita ce ke shiga tsakanin mai buhun masara da mai saye. Galibin masu allon taɓawa da Android suke tafiya, kamar wayarka, shi kuwa Android a kan ƙwayar Linux yake zaune, wadda masu sana'ar ke kira kanel. Ita ce uwargidan gidan. Ita ke raba tuwo: wa zai sha wutar batir, wa zai yi magana da firinta, wa zai dakata tukuna.

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kuma yanzu duk bayan mako tara ko goma sai an fitar da sabuwa. To ka ga maƙerin na'ura ya faɗa halin manomin Doguwa idan hadari ya fara haɗuwa. Iri ya yi yawa a kasuwa, gona ɗaya ce, damina kuma ba ta jira. Wane reshen kanel zai ɗauka?

Akwai babban reshe, inda ake zuba kowane sabon abu. Wannan gonar gwaji ce irin ta Samaru a Zariya. Can ake samo iri mai kyau, amma mai hankali ba ya cika gonarsa da wanda ba a gama gwadawa ba. Akwai wanda ake kula da shi 'yan watanni kawai, tumatir ke nan, yau ja wur, jibi ya ruɓe. Sai kuma na dogon zango, guda ɗaya a shekara, irin su 5.10 da 6.1 da 6.6 da 6.12. Su ne dawa a rumbu. Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa ne masu zagaya rumbun, suna toshe ramin ɓera, suna yaɓe inda ya tsage, ba tare da sun canza hatsin da ke ciki ba. Ɓeran nan kuwa ɓarawon intanet ne, kuma kuɗin shinkafar mutanen Tudun Wada yake hari.

Abin da ya dame ni shi ne sanarwar 2023, cewa kulawar da a da kan kai shekara shida za ta koma biyu, sai dai in an ƙara wa wani reshe wa'adi. Shekara biyu fa! Jakin da ka saya a Kwanar Ɗangora ma ya fi haka aiki, balle mitar wuta ko na'urar asibiti. Saboda irin waɗannan na'urori masu daɗewa ne wasu kamfanoni suka haɗa kai suna riƙe 'yan rassa har shekara goma.

Sai reshe na huɗu, wanda ya fi jan hankali. Masu ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, irin su MediaTek da Rockchip, kan ɗauki reshe su yi masa ƙari don ya dace da kayansu. Kamar irin kamfani ne: yana tsira da kyau, goyo biyu-biyu, amma ba ka ajiye shi ka shuka baɗi, dole ka koma wurin mai shi. Ranar da ya daina kawowa, gonarka ta tsaya nan.

Ko ka zaɓi reshen, da saura. A Yocto, wani tsari da ake harhaɗa manhajar na'urori masu Linux da shi tun 2010, komai a takardar girki ake rubuta shi, har sunan reshe. Amma reshe kamar magudanar da ta fito daga madatsar Tiga yake. Sunanta bai canza ba, ruwan safe kuwa ba shi ne na yamma ba. In ka rubuta suna kaɗai, na'ura dubu da ka haɗa a watan azumi za su bambanta da dubun bayan sallah, miya ɗaya, ɗanɗano biyu, kuma ba ka san abin da ya shiga tukunya ba. Don haka ake ƙara wata doguwar lamba mai baƙi arba'in, wadda ke nuna ainihin gugan da aka ɗebo. Ruwan randa kuma yana kwana, sai an riƙa komawa ana ɗebo sabo daga magudanar nan dai, a gwada, sannan a aika wa na'urorin da ke hannun jama'a.

Lambar reshen kanel kuwa tana nan cikin wayarka, a wurin saiti, ƙarƙashin bayanin waya. Na buɗe tawa na ga 4.19, reshen da masu zagaya rumbu suka rufe a Disambar 2024, kuma da ita nake tura kuɗin taki.