Me Ya Sa Jirgin Ƙarfe Ke Tafiya a Kan Ruwa, Allura Kuwa Ta Nitse?

Allura ba ta kai nauyin ƙwayar gyaɗa ba, amma da ka jefa ta cikin bokiti sai ta tafi ƙasa. Jirgin dakon kaya kuwa, wanda aka ƙera da ƙarfe, yana ɗaukar dubban tan ya ƙetare teku lafiya lau. Mutane da yawa sun ɗauka cewa abu mai nauyi shi ke nitsewa, mara nauyi ya taso. Da haka ne, da allura ce a sama, jirgi a ƙasa.

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san farkon amsar. Muddin guga na cikin ruwa, igiya sakayau take a hannu, amma da gugan ya fito sai ka ji nauyinsa har kafaɗa. Ruwa ne yake tallafe da shi. Dalili kuwa shi ne ruwa yana matsa duk abin da ya shige shi ta kowane ɓangare, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi. Gindin guga ya fi bakinsa zurfi, don haka turawar da ke zuwa daga ƙasa ta rinjayi dannawar da ke zuwa daga sama. Wannan ratar ita ce ke ɗaga abu.

Wanda ya fara auna wannan ƙarfi shi ne Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ƙa'idarsa a taƙaice ita ce: ruwa yana ɗaga abu da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture ya maye gurbinsa.

A nan allura ta faɗi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ƙarfe mai girman lita ɗaya kuwa ya kusa kilo 8. Allura ƙarfe ce zalla, ruwan da take turewa bai isa ya ɗauke ta ba. Shi jirgi an buɗe cikinsa ne, mafi yawansa iska ce. Yana sauka cikin ruwa a hankali har sai ruwan da ya ture ya kai nauyinsa da na kayansa, daga nan ya tsaya cak. In ya huje, ruwa ya kore iskar, sai ya bi sahun allura.

Kana iya gwada wani ɓangare na wannan a gida. Saka ɗanyen ƙwai sabo a kofin ruwa, zai kwanta a ƙasa. Riƙa zuba gishiri kana motsawa, za ka ga ƙwan ya fara ɗagowa har ya leƙo sama. Ƙwan bai canja ba, ruwan ne ya ƙara nauyi, don haka ɗagawarsa ta ƙaru. Shi ya sa jirgi ya fi zama ƙasa a kogi bisa yadda yake a teku. Manyan jirage suna da zane a jikinsu wanda lodi bai kamata ya nitsar ba, da alama dabam ta ruwan gishiri da ta ruwan daɗi. Ana kiransa layin Plimsoll, da sunan ɗan majalisar Ingila da ya dage har aka kafa dokarsa a 1876, saboda yawan matuƙan da lodin ganganci ya hallaka.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Kwale-kwalen da girmansa gaba ɗaya lita 5,000 ne ba zai taɓa ɗaukar abin da ya wuce tan 5 ba, har da nauyin katakonsa da injinsa, kuma tun kafin a kai nan ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi. Kowane buhu da kowane fasinja yana ƙara saukar da bakinsa. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nitse a Kogin Kwara kusa da Wara a jihar Kebbi, aka yi asarar rayuka masu yawa, hukumomi suka ce an yi masa lodi fiye da kima.

Akwai kuma maganar daidaito. Idan kaya masu nauyi suna ƙasa, kwale-kwale yakan koma daidai bayan ya karkata. Idan aka jibga su a sama, ko fasinjoji suka miƙe tsaye suka taru a gefe guda, sai ya kife. Rigar kariya kuma aikinta ɗaya ne: tana ƙara wa mutum girma ba tare da nauyin kirki ba, sai ya ture ruwan da zai ɗauke shi ko da bai iya iyo ba.

Saboda haka kafin ka shiga kwale-kwale, dubi tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa. In ka ga ta ƙanƙance, ka haƙura ka jira sawu na gaba, ka kuma gaya wa na kusa da kai dalili.