Albashin masu walda da masu gyaran wuta: Lissafin da ya kamata matasan Madarumfa su iya kafin su karɓi aiki

A Madarumfa, garin da ke kudu da birnin Maradi a bakin tafkin nan da ya yi suna, ba noma da kamun kifi kaɗai ke ciyar da gidaje ba. Masu walda na ƙera ƙofofi da tagogi da amalanke. Masu gyaran wuta na jan waya a sabbin gidaje, suna ɗora farantan hasken rana, suna kuma tayar da injinan ban ruwa irin waɗanda manoman Jiratawa suka dogara da su. Mafi yawansu a hannun maigida suka koyi sana'ar, kuma kuɗinsu ta hanyar ciniki yake zuwa: a gama aiki, maigida ya karɓa, ya sallami yaransa.

Matsalar takan bayyana ne ranar da ɗayansu ya samu aikin wata-wata a wani kamfani, a Maradi ko Yamai, a Katsina ko Kano, ko kuma a Turai ga wanda ƙafarsa ta kai can. Lamba ɗaya ake faɗa masa, ya ji ta yi masa daɗi a kunne, ya ce ya yarda. Alhali a dokar ƙwadago da yarjejeniyoyin da ƙungiyoyin ma'aikata ke ƙullawa da masu kamfanoni, albashi abu huɗu ne a haɗe: matakin da aka ajiye ma'aikaci, sa'o'in da zai yi, ƙarin da ya cancanta, da abin da za a cire kafin kuɗin su shiga hannunsa.

Batun ya ƙara shafar yankin tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maradi a watan Fabrairun 2021. Layin mai tsawon kimanin kilomita 284 zai bi ta Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka iyaka, kuma irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da masu walda da masu aikin lantarki.

Abin da dokar Nijar ta tanada

Takardu biyu ne ginshiƙin albashin ma'aikacin kamfani a Nijar. Ta farko ita ce dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumban 2012. Ta biyu ita ce yarjejeniyar bai-ɗaya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata, wadda aka fara sa wa hannu a watan Disamban 1972, aka kuma sabunta ta a 2022. Manyan ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN ne ke magana da yawun ma'aikata a irin wannan zama.

Yarjejeniyar ba ta ɗauki ma'aikata a matsayin abu guda ba. Ta kasa su mataki-mataki, daga lebura zuwa mai ɗan sanin aiki, zuwa ƙwararre, zuwa mai kula da wasu, kuma kowane mataki na da mafi ƙarancin albashinsa. Nan ne asara ta farko ke shigowa. Matashin da ya shekara bakwai yana walda, in aka rubuta shi lebura a takarda, duk lissafin da zai biyo baya a kan kuɗin lebura za a gina shi.

Ƙasan duka matakan akwai mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ake kira SMIG. A 2012 an tsayar da shi a kan sefa 30,047 a wata, ya shafe sama da shekara goma a haka, kafin gwamnati ta amince da ɗaga shi zuwa sefa 42,000, wato jaka 42.

Sirrin yana cikin sa'o'i

Jaka 42 ɗin nan kuɗin aikin sa'a 40 ne a mako, kamar yadda doka ta ƙayyade. In aka ninka 40 sau makonni 52 na shekara, aka raba da watanni 12, za a samu kimanin sa'a 173 a wata. Ke nan sa'a ɗaya ta mafi ƙarancin albashi ta kama kusan sefa 242.

A ɗauki misalin mai walda da aka yi wa tayin jaka 60 a wata. A kunne, ya wuce SMIG da jaka 18. To amma in yana aikin sa'a 10 a rana, kwana shida a mako, sa'a 60 ke nan a mako, 260 a wata. A raba 60,000 da 260, sa'arsa ta faɗo zuwa kusan sefa 231. Wato ƙwararren da ke ganin ya fi lebura samu, a zahiri sa'arsa ba ta kai ta mafi ƙarancin albashi ba. Ko da a farashin lebura aka biya shi waɗannan sa'o'i 260, jaka 63 ya kamata ya karɓa, tun kafin a zo maganar ƙarin da doka ta ɗora a kan duk sa'ar da ta wuce 40, wanda ke ƙara hawa in aikin na dare ne, ko na Lahadi, ko na ranar hutu.

Bayan wannan akwai kuɗin daɗewa a aiki da yarjejeniyar ta tanada, da hutun shekara wanda ake biya, kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki.

Abin da ake cirewa

Ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun CNSS, ana cire kashi 5.25 cikin 100 na albashinsa domin fansho, kamfani kuma ya zuba kashi 16.4 daga aljihunsa, wanda ya haɗa da fansho da tallafin iyali da inshorar haɗari a wurin aiki. Ga mai albashin jaka 90, za a cire masa sefa 4,725, kamfani ya ƙara 14,760. Sai kuma harajin albashi, wanda ke hawa gwargwadon yawan kuɗin.

Matasa da dama sun fi son a ba su kuɗinsu cif a hannu, ba takarda ba cirewa. Sai dai mai jaka 90 da ya zaɓi haka, ya tsira da 4,725 ne, ya bar sama da jaka 19 da ya kamata a riƙa zubawa da sunansa kowane wata. Sana'ar walda da ta lantarki kuwa ba sa rabuwa da haɗari: tartsatsi a ido, faɗowa daga tsani, jan wuta. Ranar da tsautsayi ya faɗa, wanda ba shi da lambar CNSS sai abin da 'yan uwa suka tara masa.

Tsallaken iyaka

Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya tafiya ce 'yar kaɗan, kuma matasan gundumar Madarumfa sun daɗe suna neman aiki a Katsina da Kano. A Najeriya mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Lambar ta fi 42,000 girma a baki, amma in aka kai ta wurin 'yan canji ba ta kai jaka 42 na sefa ba. Ga mai aika kuɗi gida, da sefa ya kamata ya yi lissafinsa tun daga ranar ciniki.

Akwai kuma wani abin lura: dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma galibin shagunan walda ba su kai haka ba. A manyan kamfanoni ne ƙungiyoyi irin su NUEE ta ma'aikatan lantarki da SEWUN ta ma'aikatan ƙarfe ke zama da shugabanni su tsayar da albashi. A can ana cire kashi 8 na fansho daga ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 10.

Jamus, inda lissafin ya fi tsari

Ga masu hangen Turai, ba inda wannan tsari ya kafu kamar masana'antun ƙarfe da lantarki na Jamus, masu ma'aikata kusan miliyan huɗu. Ƙungiyar IG Metall, mai mambobi sama da miliyan biyu, ita ke zama da ƙungiyoyin masu kamfanoni yanki-yanki. A yarjejeniyar Nuwamban 2024 an amince da ƙarin kashi 2 daga Afrilun 2025, da wani kashi 3.1 daga Afrilun 2026, da yuro 600 na lokaci ɗaya, sannan masu koyon aiki suka samu ƙarin yuro 140 a wata.

Kowane yanki da jadawalinsa. Jihar Baden-Württemberg na da mataki 17, Bavariya na da 12. Abin da ake aunawa shi ne nauyin aikin da mutum ke yi da ilimin da aikin ke buƙata, don haka takardar shaida kaɗai ba ta ɗaga mutum in aikin da aka ba shi na ƙasa ne. A yammacin ƙasar makon aiki sa'a 35 ne, abin da ma'aikata suka fara nema da dogon yajin aiki a 1984, suka cimma a 1995.

A ɗauki misalin mai albashin yuro 3,000 a wata. Tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuɗin sun kusa sefa miliyan biyu. A kan wannan akwai kuɗin ƙwazo, wanda a yankuna da dama yakan kama kashi 10 zuwa 15. Sannan a shekara akwai kuɗin hutu kusan kashi 70 na albashin wata, da kuɗin ƙarshen shekara da kan kai kashi 55 ga wanda ya daɗe, da wani kashi 27.5 da aka shigo da shi a yarjejeniyar 2018. Waɗannan uku kaɗai sun kai albashin wata ɗaya da rabi. Shi ya sa a can albashin shekara ake tambaya.

Amma cirewar ma ba wasa ba ce. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafiya ga fansho da inshorar lafiya da makamantansu, ga haraji, har gwauro mai yuro 3,000 ya tashi da kimanin kashi biyu cikin uku, kafin ya biya haya. Kuma ba kowa wannan jadawali ya shafa ba. Kusan rabin ma'aikatan Jamus ne kawai ke aiki a kamfanonin da ke bin yarjejeniyar ƙwadago, kuma baƙi da yawa ta hannun kamfanonin ba da hayar ma'aikata suke fara shiga masana'anta, inda jadawalin albashin daban ne, kuma ya fi ƙasa. Wanda ya koyi walda a hannun maigida ba tare da shaidar da hukumomin can suka amince da ita ba, da wuya ya fara a matakin ƙwararru.

Tambayoyi huɗu kafin a ce an yarda

Ko a Maradi ne ko a Stuttgart, tambayoyin ba sa canzawa. A wane mataki za a rubuta ma'aikaci? Sa'a nawa kuɗin suka ƙunsa, kuma nawa ne kuɗin sa'ar da ta wuce? Wane ƙari ne ke cikin lambar da aka faɗa, wanne ne zai zo daban? Nawa za a cire, kuma da sunan wa ake zubawa?

Amsoshin duka suna cikin takardar albashi, wadda ma'aikacin kamfani a Nijar ke da haƙƙin karɓa duk lokacin biya. Wanda ya ga lissafinsa bai yi daidai ba na iya zuwa wurin wakilan ma'aikata na kamfaninsa, ko ofishin sufeton ƙwadago a Maradi, wanda aikinsa ne sasanta irin wannan saɓani kafin a kai ga kotu.

Sai dai mafi yawan masu walda da masu gyaran wuta na Madarumfa suna wajen wannan tsari gaba ɗaya, domin a ƙananan shaguna suke, inda ba mataki ba takarda. Ko a nan ma lissafin sa'a na da amfani. Yaron shagon da ya riƙa rubuta lokacin shigarsa da na tashinsa, da abin da aka sallame shi da shi a mako, ya raba wannan da wancan, zai san ko sa'arsa ta kai sefa 242 ko ba ta kai ba. Da wannan lamba a hannu zai iya zama da maigida cikin ladabi su yi magana, ko ya auna tayin kamfani ya san ko ci gaba ne ko komawa baya.