Taron Ilmi Na Duniya Da Wa'adin Da A Ke Ta Ɗagawa

Ran 15 ga watan Mayu, 1961, ministocin ilmi na ƙasashen Afirka suka hallara a Addis Ababa, babban birnin Habasha, suka zauna shawara har ran 25 ga watan. Wadda ta kira taron ita ce UNESCO, watau reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin ilmi, tare da hukumar Majalisar mai duba tattalin arzikin Afirka. Da yawa daga cikin ƙasashen nan ba su daɗe da samun mulkin kai ba, zukata cike da buri. Abin da suka ƙulla kuwa shi ne, kafin shekarar 1980 kowane yaro na Afirka, mace da namiji, zai sami karatun firamare na shekara 6, kyauta kuma tilas, sa'an nan 30 daga cikin kowane 100 da suka gama su wuce sakandare. Mutanen Asiya sun riga sun yi irin wannan ƙulli a Karachi a farkon 1960, su ma 1980 suka yanka.

Kada a ce ba a yi kome ba, gama an yi aiki ƙwarai. Bisa lissafin Bankin Duniya, a 1960 yawan 'yan firamare a Afirka ta kudu da Hamada bai wuce kashi 36 cikin 100 na yaran da suka isa shiga ba, amma a 1983 ya kai kashi 75. Sai dai ana gina azuzuwa ana haihuwa, jama'a na ƙaruwa fiye da yadda masu lissafi suka zata. Bayan haka bashi ya danne ƙasashe, aka tsuke bakin aljihu, ilmi ya sha wuya.

Mu a Nijeriya mun ga abin da idonmu. A watan Satumba, 1976, Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadi domin yara miliyan 2.3 'yan aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 a bakin ƙofa. To, ina malaman? Aka shiga horon gaggawa, aka ɗebo waɗansu da ba su daɗe da barin benci ba aka miƙa musu alli. Waɗansu azuzuwan inuwar itace ce rufinsu. Ginin laka ya kan tashi cikin rani guda, amma malami ba ya nuna da wuri haka.

Da 1980 ta wuce ba a cika alkawari ba, sai aka sāke zama. A watan Maris, 1990, wakilan ƙasashe 155 suka taru a Jomtien ta ƙasar Tailan, suka ɗaga wa'adi zuwa 2000. A watan Afrilu, 2000, ƙasashe 164 suka taru a Dakar, suka kai shi 2015, har aka yi alkawari cewa duk ƙasar da ta ɗaura niyya da gaske ba za a bari rashin kuɗi ya kayar da ita ba. A watan Mayu, 2015, aka haɗu a Incheon ta Koriya ta Kudu, aka ce 2030. Yaron da ya shiga aji ɗaya shekarar taron Addis Ababa yau ya ba saba'in baya, jikokinsa a ke yi wa alkawarin.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa tarurrukan nan cin shinkafa ne kawai. Wani abu ya sauya a cikinsu wanda ya cancanci malamai su lura da shi. A da kawuna a ke ƙirgawa, yaro nawa ke cikin rajista. Tun daga Jomtien aka soma tambaya ko me yaron ya koya, a Incheon kuwa tambayar ta zama ita ce kan gaba. Amsar ba ta da daɗin ji. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa a Afirka ta kudu da Hamada kusan 9 cikin kowane yara 10 masu shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su gane ma'anarsa. Kowane hedimasta ya san suna a rajista daban, karatu daban, amma sai da duniya ta yi shekara 30 kafin ta rubuta haka a takarda.

Ga akawuna da masu riƙe da baitulmali, ga wani gyara. Mu kan ji ana cewa UNESCO ta umurci kowace ƙasa ta ware wa ilmi kashi 26 cikin 100 na kasafinta. Abin da aka amince a Incheon shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa, ko kuwa kashi 4 zuwa 6 na dukan arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Wannan ma ba umurni ba ne, domin taro ba shi da ɗan sanda, ba shi da kotu. Kasafin Gwamnatin Tarayya ya yi shekaru da dama rabon ilmi a cikinsa bai kai kashi 10 ba, ko da ya ke jihohi ma suna kashe nasu.

A 2024 UNESCO ta ce yara da matasa miliyan 251 ba su zuwa makaranta a duniya. Ta kuma ce kafin 2030 ana bukatar sababbin malamai miliyan 44, miliyan 15 daga cikinsu a Afirka ta kudu da Hamada. A ganinmu wannan adadi na biyu shi ne ya kamata a sa a gaba. Horon malami a kwalejin ilmi ta ƙasar nan shekara 3 ne, saboda haka wanda a ke so ya tsaya gaban allo a 2030, dole ya kasance ya shiga kwaleji kafin ƙarshen 2027.