MAI ƘIBA DA TIYATAR GWIWA: ME KWAMFUTA KE YI, ME YA RAGE A KANKA?



Idan kana da ƙiba, gwiwa ta matsa maka har tashi daga sujada sai da dafa ƙasa, likitan ƙashi kuma ya ce sai an sauya ta, to ka karanta wannan a natse.

Guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri shi ne ke cinyewa, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. A tiyata ana yanke bakin ƙasusuwan, a sa musu ƙarfe da roba mai tauri. Dole yankan ya daidaita a kan layin da ya taso daga kwatangwalo, ya ratsa tsakiyar gwiwa zuwa idon sawu. Likitoci ba sa son karkatar ta wuce digiri 3, don kada nauyi ya taru a gefe guda, ƙarfen ya yi saurin kwancewa.

To a jikin mai ƙiba, kitse yana ɓoye ƙasusuwan da likita ke laluba don ya yi awo. Nan ne kwamfuta ke taimakawa. Ana kafa wasu 'yan alamomi a ƙashin cinya da na ƙwauri, kyamara tana bin su, likita yana juya ƙafar har na'urar ta gano tsakiyar kwatangwalo. Sai ta nuna masa a allo inda yankan zai bi. A garin Grenoble na Faransa aka fara wannan aiki a 1997. Ka lura fa, likita ne ke yankan, kwamfuta awo kawai take yi.

Amma kar ka ɗauka ta gama maka komai. Tana ƙara daidaiton yanka, tana kuma ɗan tsawaita lokacin aikin. Ba ta rage haɗarin da ƙiba ke jawowa: ruɓewar rauni, jinkirin warkewa da daskarewar jini a jijiya. Kowane kilo 1 da ka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a duk taku. Wannan aikin naka ne.

Kafin ranar tiyata:

1. Rage tuwo, lemon kwalba da soye-soye, musamman da dare.
2. Daidaita suga da hawan jini.
3. Faɗa wa likita duk abin da kake sha, har tafarnuwa, citta da habbatus sauda. Yawan tafarnuwa kan ƙara zubar jini, shi zai ce maka yaushe za ka dakata.
4. Tambaye shi batun durƙuso. Da yawa yana yi musu wuya bayan aikin, sai su yi salla a kan kujera.

Idan asibitinku babu wannan na'ura, kar hankalinka ya tashi. Ƙwararren likita yana yin aiki mai kyau ba tare da ita ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa iyayenmu masu fama da gwiwa.