Batirin Zuciya: In Ya Kawo Ciwo, Ina Dabara?

Ran Alhamis in kasuwar Maigatari ta cika, mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar sukan haɗu da na ƙasar Nijar. A irin wannan taro ana iya samun dattijon da ke ɗauke da 'yar na'ura a ƙirjinsa, wadda jama'a ke kira batirin zuciya. Dominsa da iyalinsa muka yi wannan bayani.

A 1958 aka fara dasa wa mutum wannan na'ura, a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin. Likita Ake Senning ya dasa wa Arne Larsson. Ta farkon ta tsaya bayan 'yan sa'o'i, aka sake wata, mutumin kuwa ya rayu har 2001. Akan sa ta ƙarƙashin fata kusa da kafaɗa, sa'an nan a zura waya ta jijiya har cikin zuciya, tana zaburar da ita in bugunta ya yi nawa.

To, amma wani lokaci wayar takan karye, ko kuwa ƙwayoyin cuta su kama gurbin. In sun kama, magani kaɗai ba ya isa, sai an fid da na'urar duk da wayarta. Wahalar ita ce, bayan shekaru nama yakan tofo ya riƙe wayar gam. Dā sai a tsaga ƙirji. Yanzu kuwa likita yakan zura siririn bututu ya bi bayan wayar, yana yanke naman da hasken leza ko da 'yar wuƙar da ke bakinsa, har wayar ta saki. Asalin dabarar zura bututu cikin zuciyar mutum daga Werner Forssmann ne, likitan Jamus, wanda ya zura bututu cikin zuciyarsa da kansa a 1929. Aikin fa da hatsari, gama jijiya tana iya yagewa, saboda haka likitan fiɗa yakan zauna da shiri kusa.

Jama'a, ga gargaɗinmu. In gurbin ya kumbura, ko ya yi ja, ko yana fid da mugunya, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, kada a kai wa wanzami ya tsaga. A tafi asibitin Gumel da katin na'urar, a nemi takardar ganin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Jinkiri shi ke ba cuta hanyar shiga jini. Allah ya ba mu lafiya, amin.