Zanen da ake rinawa a Garwa

Garwa babban gari ne a arewacin Kamaru, a bakin kogin Binuwai. Ƙasar auduga ce. Tun zamanin kakanni mata ke kaɗi, maza na saƙa, marina kuma suna rini da baba.

Akwai wani zane mai suna ndop. Shuɗi ne mai fararen zayyana. Sarakunan Bamileke da na Bamun, can kudu, su ke ɗaura shi ranar biki ko ranar makoki. Amma kafin zanen ya kai hannun sarki, sai ya sha tafiya.

Da farko masaƙan ƙauyukan Garwa sukan saƙa fararen sawaye, a ɗinke su su zama zane guda. Fatake su kai shi ƙasar Bamileke, tafiyar ɗaruruwan kilomita. A can a zana masa siffofi, mata su bi zanen da zaren tukurwa, su ɗinke tamau. Aikin yakan ci makonni. Sannan a komo da shi Garwa, a tsoma a marina, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa har ya yi shuɗi sosai. In ya bushe sai a warware ɗinkin. Duk inda zaren ya matse, baba bai shiga ba, wurin ya zauna fari fat.

Yanzu ndop ya ƙetare teku. A shekarar 2018 kamfanin Hermès na Faransa ya fitar da kallabin siliki mai irin wannan zayyana, ya sa masa suna Ndop. A watan Janairun 2020 aka gayyaci wani maɗinki ɗan Kamaru, Imane Ayissi, babban bikin nunin tufafi na birnin Paris. Shi ma yana ɗinki da ndop da sauran saƙar hannu ta Afirka.

Sai dai akwai damuwa. Injuna suna buga atamfa mai kama da ndop, ana sayar da ita da araha. Mai saye a kasuwa sau da yawa ba ya bambancewa, marini kuma ya rasa ciniki. A 2020 gwamnatin Kamaru ta sa ndop cikin kayan gadon ƙasa.

Tambayoyi
1. Me ya sa wasu wurare na zanen suke zama fari?
2. Akwai marina a garinku? Wane irin zane suke rinawa?